Okid ɗin Eusebio

A bayan gidansa a Davao,
inda ruwa ke dukan kwano kowace la'asar,
tsoho Eusebio ya rataye ɓawon kwakwa
cike da gawayi, ba ƙasa ko kaɗan.

Saiwoyin okid na lilo a sarari,
fari fat, kamar gemun da ya ƙi askewa.
Su iska suke sha, shi haƙuri.

Shekara huɗu, ganye kawai.
Consuelo ta ce, "Da barkono ka shuka,
da tuni mun yi miya."
Bai tanka ba. Ya ƙara yayyafa ruwa.

Ranar da furen ya buɗe,
ruwan hoda mai ɗigon ja,
ta riga shi fita.
Ya tarar da ita tsaye,
gahawa ta huce a hannunta.