Mai Gadin Tafki Uku

A bayan gari, inda hanyar Tawa ke karyawa,
aka haƙa tafki uku, aka ba ni makulli da manjagara.
Shekara bakwai ke nan ina tsaye bakin raga
ina karɓar abin da gari ya kawar da kai daga gare shi.

Ba na shiga gidan kowa, amma na san gidan kowa.
Ran Laraba ruwa kan zo shuɗi, Ɗan Baro ya yi rini.
Ran kasuwa ja ne, mahauta sun yi sammako.
Da azumi kumfa kan kwanta da rana, ta taso bayan isha.
Leda, batir, kwalin magani, takalmin yaro ƙafa guda,
wata rana har zoben azurfa.
Na kai wa liman, ba wanda ya zo nema.

Tafkin farko baƙi ne, ba ya sallama,
warinsa kan riga ni isa gida.
Na biyu kore, rana ce ma'aikaciyarsa,
ba ta taɓa tambayar albashi ba.
Na uku, in ka duƙa, za ka ga haƙoranka.
Kwaɗi sun kafa unguwa, balbela ta mai da shi masauki,
bara har wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu ya zo,
tsofaffi suka ce rabonsu da shi tun suna kiwon awaki.

Ruwan na ukun ne ke gangarawa fadama.
Da can, girbi na ƙarewa samari sun hau mota sai bakin teku.
Yanzu goma sha biyu sun zauna, na ƙirga,
har da ƙanena Sahabi,
wanda albasarsa ta fi dunƙulen hannuna.

Sai damina waccan injin ya yi tari, ya yi shiru.
Na je wurin magajin gari, aka ce ƙarfen yana Yamai.
Yamai ta ce yana hanya.
Ruwa kuwa bai san takarda ba.
Daren da hadari ya sauko daga gabas,
baƙi ya tsallake kore, ya tsallake fari,
ya bi kwari da gudu kamar ɓarawon da ya san unguwa,
ya faɗa rijiyar Tsahara.
Ina tsaye da tocila da buhun yashi biyu.
Biyu!

Jikokinta sun kwana huɗu a likita, allura a hannu.
Sun tashi, alhamdu lillahi.
Amma tun ranar, in na gaishe ta,
sai ta ce, "Yaya ruwanku?"
Ku. Kamar ba daga gidanta ma yake fitowa ba.
Kamar ni na haife shi.

Wata mata ta zo daga Tawa da ƙananan kwalabe,
ta ɗiba nan, ta ɗiba can, ta rubuta lamba.
Ta tambaye ni sunana, ita kaɗai ta taɓa.
Sakamako ya iso da Faransanci,
yana kwance cikin aljihun tebur, yana hutawa.

An gyara injin. Balbela ta dawo.
Sauro ma ya dawo, shi dama bai tafi ba.

Jiya Sahabi ya sauke mini rabin buhu a ƙofa,
ya tsaya yana sosa ƙeya.
Ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ruwan nan lafiya?"
Na dubi tafkin, na dubi ɗan uwana.
Na ce, "Ga tsuntsaye can suna sha."

Da dare Habsu ta wanke albasar sau uku da ruwan rijiya.
Na ci tuwona har na suɗe hannu.
Ban tambaye ta wace rijiya ba.