Kuɗin Ƙafar Hagu

Ran Litinin teku ta ƙi,
jiragen Peniche na ɗaure a gaɓa, suna gugar juna.
Masunta suka cika mini shago
da warin gishiri da na dizal,
kofi ɗai-ɗai, gardama ta mutum ɗari.

Custodio ne ya baje jarida a kan tebur,
ya danne ta da kwanon sukari.
"Yuro dubu casa'in a mako.
A mako fa na ce!
Ivo, wanda na sha kora daga kan taruna,
majina har leɓe."

Amandio, da ya tsufa yana koyar da lissafi,
ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya raba, ya sake rabawa, ya cire tabarau.
"Kafin kofin nan naka ya huce
ya ci akwati uku na kifin sadin.
Ko barci yake, ci yake."

Telmo na masana'antar gwangwani ya miƙe,
kujera ta faɗi bayansa.
"Ƙafar hagun nan ita ce jirginsa!
Gwiwa ta ce ƙas, kasuwa ta tashi.
Shekara goma gare shi, in ya yi sa'a,
kai teku ta ba ka arba'in."
"Teku ba ta ba ni komai ba, yaro.
Ƙwata na yi."

Sai aka gangaro kan sharaɗin nan:
wanda duk ya dire miliyan sittin, ya ɗauke shi,
ko ƙungiya ta so, ko ta yi kuka.
Wani ya ce wannan ba kwantiragi ba ne,
farashi ne aka rataya wa sa a wuya.
Wani ya ce maci amana,
bara-bara yana sumbatar tambarin riga,
ashe dillali na jira a mota, inji a kunne.

Ina wanke kofuna, ban tanka ba.
Amandio ya kai jaridar dab da hanci
inda rubutu ya ƙanƙance kamar ƙwan kifi.
"Dakata. In aka sayar da shi,
akwai kaso na ƙungiyar da ta rene shi tun yana sha biyu."
Shiru. Firji kaɗai ke gurnani.
"Wato mu?"
"Wato mu."

Nan take aka rufe ɗakin sauya kaya da sabon kwano,
aka kunna fitilun fili da suka mutu tun bara waccan,
aka sayi bas, har aka yi faɗa kan launinta.
Custodio ya gyara hula:
"Ni ai ban taɓa cewa yaron ba shi da kirki ba."
Harshe dai ba shi da ƙashi.

Can kusurwa, inda iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa,
tsoho Belmiro yana murza cokali.
Kakansa ne. Mun manta yana nan.
"Akwai layin da jarida ba ta buga ba," ya ce.
"Ba babur, ba hawan igiyar ruwa,
ba shiga ƙaramin jirgi.
Watan Agusta ya zo mini da asuba,
shi ya kwance igiya, ya naɗe, ya jefo mini,
hannunsa bai manta ba.
Na ce shigo mana.
Ya dubi ƙafarsa.
Har na wuce hasumiyar fitila ina waiwaye,
miliyan sittin na tsaye a kan dakali
kamar yaron da aka ce ya tsare gida."

Ba wanda ya raba wannan da komai.
Amandio ya mai da fensir bayan kunne.

Ruwa ya tsagaita, suka fita duba sama.
Na buɗe littafin bashi:
Custodio, kofi biyu.
Telmo, kofi ɗaya da ƙafar kujera.
Belmiro, kamar kullum,
ya bar silallansa a ƙarƙashin faranti, cif-cif.