Ɓarawon Cikin But

Asuba ta uku ke nan a Mabera
ina murɗa makulli, mota na cewa ƙyat, ƙyat,
sai ta yi gum kamar wanda ake bi bashi.
Maƙwabta sun gaji da turi.
Ladan mai shayi ya daina tasowa,
daga bakin murhu yake cewa,
"Malam, sa ta giya biyu."

Da rana na fara zargi.
Zafin garin nan mai dafa ƙwai a kan bonet,
me zai hana shi shanye ruwan batir?
Na ƙara ruwa. Na kankare farin gishirin
da ya naɗa wa kan batir rawani,
na ɗaure tamau da sifana.
Gari ya waye: ƙyat.

Na koma kan Modi da ya sayar mini,
ya rantse, ya zaro rasit.
Sai na juya kan Sahabi,
ɗana na tsakiya, mayen rediyo,
na ce shi ke shiga da dare yana jin ƙwallo.
Ya ce ba shi ba ne. Na ce rufe mini baki.
Ranar bai taɓa tuwo ba.

Arzika mai wayarin, can bayan Tashar Illela,
ba ya gaggawa.
Ya latsa fambel da babban yatsa,
muka tura ta tashi, ya auna altaneta:
"Wagga tana caji, ba ta da laihi."
Ya kashe inji, ya miƙo mini makulli,
ya cire waya guda daga batir,
ya sa ƙwan gwaji a tsakani.
Ƙwan ya kama.
"Ka gani? Mota na kwana, wani na hwarke."

Fis bayan fis yake zara
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na hon, ba shi ba.
Na rediyo, na riƙe numfashi,
ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba.
Na bakwai ne ya kashe shi.

Ya mai da fis, ya ɗaure waya,
ya dubi yaron da ya rako ni.
"Kai, shiga but mu ruhe ka kaɗan."
Murfi ya sauka.
Daga ciki, wata 'yar murya:
"Baba, akwai haske."

Ƙwai ɗaya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Makunninsa ya lanƙwashe
tun ranar da ni da hannuna
na danna buhunan albasa daga Wurno.
Tun sannan yake ci, dare da rana,
yana haska wa tsohon jak da taya.

Filaya ɗaya, gyara ya ƙare.
Muka kamo hanya, ba mai cewa uffan.
Na tsaya gun mai tsire, na ce a yanka da yawa.
Sahabi ya karɓa, ya ɗora a cinya, bai buɗe ba.
Na miƙa hannu
na kunna masa rediyo.