Zaren da Ba Ya Karɓar Ƙulli

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar Kakuri,
kunnena na hagu can na baro shi cikin rurin injuna.
Ran da aka garƙame ƙofa na ɗauka na gama da saƙa,
ashe da wata masaƙar ƙarƙashin haƙarƙarina na dama.

Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma shayi ba madara.
Shawara ce, in ji maƙwabta, kowa kuma da tasa shawara:
saiwa, sassaƙe, rake,
kafso ja-da-rawaya daga yaron kamis na kasuwar Litinin.
Na sha har aljihu ya fi ni rama.

A asibiti an ɗebi jini, an leƙa hanta da na'ura,
aka ce in je taga ta uku, wurin Rifkatu mai ba da magani.
Ta dubi katin, ta dubi kantar da ke yatsuna.
"Baba, wace sana'a?"
Na ce masaƙi, a da.
Sai ta ajiye biro.

"To kai za ka gane.
Abin nan da ke jininka ba shi da injin kansa,
ba auduga, ba ko rumfa,
takardar zane kawai yake yawo da ita.
Ya sulale cikin hanta, ya tarar da injinka a kunne,
ya cire zanenka, ya ɗora nasa,
ma'aikatanka su kwana suna saƙa masa 'ya'ya.
Kafson da ka sha na ƙwayoyi masu gidan kansu ne,
wannan a gidanka ya ɓuya, harbin ta kansa ya wuce."

Na ce a ƙone masaƙar mana.
Ta yi dariya. "Ai kai ne masaƙar, Baba."

Ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunta, kamar ƙwayar gyaɗa.
"Wannan zaren yaudara ne.
Launi ɗaya da na gaske, kauri ɗaya,
ɓarawon ya ɗauka ya cusa a ƙoshiya,
sai dai bakinsa ba ya karɓar ƙulli.
Inda ya shiga, nan saƙar ta tsaya."

Wannan kam na sani.
Na ga daren da sili guda ya tsayar da layi duka,
foman Bulus na ta ihu, ba mai jin sa.

Na ce yaushe zan gama sha?
Ba ta shafa min zuma a baki ba.
"Ba kashe shi yake ba, aiki yake hana shi.
Takardar zanen na nan ɓoye a lungun hanta.
Ka ji sauƙi ka ajiye kwalba,
ya tashi da yunwar watanni, ya fi da ɓarna.
Duk wata shida ka kawo jini mu ƙirga shi,
mu duba ƙoda, don ita ke wanke kwanon.
Ka zo da Iya da yaran a gwada su,
wanda ya kuɓuta a yi masa rigakafi, allura uku."

Yanzu kwalbar na kusa da rediyo.
In na dawo daga Asuba, kafin koko, sai in haɗiya.
Ran da na je biki Kafancan na manta ta,
tun daga Kujama na sa direba ya sauke ni, na koma.

Gwajin farko sifili shida ke bin lambar.
Na bana an rubuta ba a gan shi ba.
Na ce ke nan babu?
Rifkatu ta ce ba a gani ba daban, babu daban,
ta miƙo na wata uku.

Jiya na bi ta gaban masaƙa a Keke.
Ciyawa ta kai taga, awaki na kiwo inda muke sa hannu.
Shirun nan na daɗe ina tsine masa.
Na dafa gefen dama, na kasa kunnen da ya rage,
ina roƙon Allah ya dawwamar min da irinsa.