Yawun Tsattsewa

Ƙarfe bakwai Tauke Chong ke ɗage ƙofar shago,
ƙarnin kasuwar kifi ta Sandakan ya biyo mu ciki.
Mu tara ne a tebur, kowace da fitilarta,
da kwanon ruwa, da matsefata.
Yau an kawo sabuwa, Suriani,
aka ce ni Rohaya in koya mata rabon sheƙa.

Zauna, yarinya. Ɗaure kanki tukuna,
sili guda ya faɗa, a albashinki za ki gani.

Ɗaga farar nan ga fitila.
Kin ga ta yi ƙoƙo kamar tafin mai roƙon ruwa?
Faɗin yatsu uku, ba tsaga, ba tabo.
Ita ke kwana kan jan ƙyalle
a akwatin gilashi, ta hau jirgi zuwa Hong Kong.
A benen siminti aka gina ta,
inda lasifika ke kira dare da rana
da muryar tsuntsun da ya daɗe da mutuwa,
tsattsewa su ji, su zaci dangi ne, su shigo.

Mai kusurwa ukun nan yawu ɗaya ne da waccan,
lungu kawai tsuntsuwar ta samu.
Kuɗinta ya faɗi. Kar ki tambaye ni dalili,
ni ma a lungu aka haife ni.

Ja kuwa, za ki ji masu saye na raɗa
wai jinin maƙogwaro ne, an tofa har rai ya kusa fita.
Babana ya tsufa a kogo,
ya ce dutse ne ke rina ta, da tururin kashin jemage.
Tauke bai hana su raɗa ba.
Ke ma ja bakinki.

Zare-zare nan, gutsattsari can.
Ko ɓurɓushi ba a sharewa:
a jiƙa, a danne, ya fito kamar biskit,
direban tasi ya saya wa uwarsa mai tari.

Sai baƙa. Miƙo hannu.
Rabinta gashi, rabinta yawu, ga tsakuwa.
Ki wuni tsintar guda biyu, idonki na ruwa,
wuyanki ya sandare kamar icen wuta.
Ita ce ta ƙarshe a littafin Tauke.
Ita kuma yayana Jamrin ke hawa nema
kan tsanin igiya da gora,
tsayin bishiyar kwakwa uku cikin duhu,
fitila a goshi, addu'a a baki.
Ran da igiya ta ci amanarsa
buhun ya iso ƙasa lafiya, aka auna, aka biya.
Yanzu yana sayar da gyaɗa a bakin tasha,
ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Kina son ki ji ko na taɓa sha.
Shekara ashirin da shida, sau ɗaya:
daren da matar Tauke ta haihu
aka ba ni tukunya in wanke,
na sa yatsa.
Sukari na ji, da santsi, da ɗan ƙarnin ƙwai.
Na jira wani abu ya biyo baya.
Har na kai gida ina jira.

Kwana arba'in, in ji baba, tsuntsu ke yi,
da dare, manne a bango,
yana kai baki yana komowa,
ba ciyawa, ba laka, abin cikinsa kawai.
Bai san sikeli ba. Ƙwai biyu ya sani.

Akwai wata a ƙarƙashin kwanon ɗakina,
duk ciyawa, yawun ɗan kaɗan ne,
Tauke ko kallo ba zai yi mata ba.
Damina huɗu ke nan ba wanda ya taɓa ta.
Jiya na ji ƙananan baki suna tsiwa a ciki.

To, jiƙa taki. Kar ki matse.
Fara daga gefe, gashi ɗaya, sannan ɗaya.