Littafin Jirage

Shekara ashirin da shida ina riƙe da biro a bayan Omdurman,
ɗaki mai taga ɗaya, fanka mai tari kamar tsoho.
Ban taɓa tashi sama ba.
Amma na san kowane jirgi da lambar wutsiyarsa,
yadda kakana a Mai Wurno ya san shanunsa cikin duhu,
ta taku, ta huci.

Shafin dama, masu lafiya.
Shafin hagu, masu jiran kaya.
Na hagun ya fi ƙiba.

Akwai wani a ƙarshen rumfa, lamba ɗari huɗu da tara.
An zare masa ƙafar gaba an ba ɗan'uwansa,
an kwashe agogansa an bar ramuka.
Kurciya ta yi sheƙa a bakin injinsa,
ta ƙyanƙyashe sau bakwai a kan idona.
A littafi kuwa yana nan daram,
"yana jiran kaya",
ni nake rubutawa, da hannun nan, kowace Alhamis.
'Ya'yan kurciyar duk sun riga shi tashi.

Akwatuna kan zo daga Bur Sudan a kan tirela
da rubutun da ba mai iya karantawa sai Injiniya Dafallah,
shi ma sai ya ɗaga tabarau ya yi tsaki.
Mun nemi taya goma sha biyu, an biya kuɗin ashirin,
takwas suka iso,
su ma na wani jirgi ne da ba mu da irinsa.
Na hau bene da takarda.
Kanar ya dube ni, ya dubi shayinsa:
"Tukur, lissafi ba ya son surutu. Sa hannu."
Na sa.
'Ya'ya biyar gare ni, da hayar gida a Umbadda.

Ranar fareti a wanke su duka, a shafe su da fenti,
mai rai da gawa sahu ɗaya,
baƙi su ƙirga fukafukai daga nesa, su gyaɗa kai.

Laftanar Hamadnil yakan leƙo tagata da safe:
"Malamin lissafi, yau nawa muke?"
In ce sha huɗu.
Ya ce, "Kada ka taɓa, zan dawo maka da cikon."
Wata Talata ya bar rabin gahawa a bencin Sittana mai shayi,
ya tashi da lamba ɗari biyu da talatin.
Na jira la'asar. Na jira magariba.
Sai aka aiko mini da jan biro.
Layi ɗaya ake ja, da rula, kada ya karkace.
Jirgin yana da gurbi a littafina,
shi kuwa sunansa yana wani ofishi.
Kwana uku Sittana ta ƙi wanke kofin.

Bayan na ajiye aiki ƙanwata Zulai ta zo daga ƙauye,
da ƙunshi ɗaya da jikoki uku.
Muna cin kisira ta ce,
"Yaya, wanda ya bi ta kan kasuwarmu ran nan,
ƙasa-ƙasa, har awaki suka tsinke igiya,
wanne ne a cikin naka?"

Na buɗe baki.
Na san man da yake sha, na san wanda ya ɗaure masa noti,
na san kuɗin da aka ce an biya.
Amma littafina gurbi biyu gare shi:
"ya tashi", "ya sauka".
Tsakaninsu farar takarda ce, faɗin ɗan yatsa.
A nan ƙauyenta yake.
Na ce ta ƙara miya.

Har yau in na ji ƙara a sama da dare
hannuna kan laluba aljihun riga, ko da ba na sanye da ita.
Zulai kan ja yaran ƙarƙashin gado.
Ni kuma ina zaune a bakin ƙofa, kunne a sama,
ina ƙoƙarin gane lambar.