Shekarun Dutse

Babana Ɗan'azumi maƙerin tagulla ne a Kurmi.
Ka tambaye shi shekarunsa, sai ya ce:
"Da azumi aka haife ni,
shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta."
Wace shekara ke nan? Rijiya ba ta magana,
waɗanda suka ga ruftawarta duk sun kwanta dama.

Ni Balaraba, can jami'a ta hanyar Gwarzo
nake daka dutse kamar mai shirin tuwo,
in tankaɗe, in rairaye,
ina neman ƙwayar zarkon
wadda ko idon allura ya yi mata yawa.

Ranar Asabar na kai masa gutsure a rumfa,
tsarabar karatuna daga ƙasa mai nisa.
Toka-toka ne, da fararen ƙwayoyi
kamar gyaɗa a cikin alewa,
ga wasu jijiyoyi masu ƙyalli sun ratsa shi.
Ya tofa masa yawu, ya goge da babban yatsa,
ya ce, "Akwai jan ƙarfe a nan."

Na ce: Baba, wannan narkakke ya taso daga ƙasa,
ya huce a hankali, ya tsattsage.
Sai ruwan zafi mai gishiri ya biyo tsagar
ya sauke tagulla, ya wuce.
Zarkon kuwa adashi yake yi tun ran farko:
yuraniyom na zubi, dalma na kwasa,
ba fashi, ba "a yi mini uzuri sai wata mai zuwa."
Mu ƙirga abin da aka zuba da abin da ya rage,
sai mu san ranar da aka fara.

"To nawa?"

Miliyan talatin da takwas, dutsen.
Tagullar ta zo daga baya
da shekara dubu ɗari huɗu,
ƙila da ɗoriya, ƙila da ragi.

Ya ajiye guduma ya yi dariya har da tari.
"Ashe ita ma 'yar ci-rani ce.
Kuma ashe ku ma da 'ƙila' kuke aiki,
duk da injin da kuɗinsa ya fi layinmu."

Mai shayi ya leƙo, ya koma.
Baba ya juya hannunsa a hasken ƙofa,
kore ya zauna a tsagar tafinsa
shekara hamsin, sabulu ya gaza.
"Wannan fa? Auna mini."

Na riƙe hannun. Jijiyoyi sun ratsa shi,
akwai ɗumi, akwai tabon wuta uku.
Ban da inji, ban da lissafi.

Ya zare hannunsa, ya zura wa gawayi iska,
ya ce in miƙo masa awartaki,
munduwar Hajiya Dudu ba ta jira.